Filin Tambayoyin Wasanni: Wai Ovechkin ya fi Gretzky ne tunda ya wuce shi a ƙwallaye?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan makon kusan duk a kan hokin ƙanƙara ne, wanda ake bugawa a lig ɗin NHL na Kanada da Amurka, ba hokin ciyawa da wasunmu suka sani a makaranta ba. Yawanci daga 'yan'uwanmu ne da karatu ko aiki ya kai can, sai ɗaiɗaiku daga gida masu bin wasan a waya. Ga wanda bai taɓa kallo ba: mutum shida-shida ne a fili har da gola, ana zamiya a kan ƙanƙara da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, ana buga wani ɗan faifan roba da sanda, minti 60 a raba uku, kuma ana canza 'yan wasa ne wasan yana tafiya, mutum ya shiga ya yi kamar daƙiƙa 45 ya fita wani ya faɗo.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a Edmonton, garin nan kam idan baka san hoki ba bakada abin hira da mutane, dole na fara bi. Toh musu ne ya haɗani da wani abokina ɗan Rasha, yace tunda Ovechkin ya karya tarihin Gretzky na yawan ƙwallaye shikenan magana ta ƙare shine gwanin gwanaye, su kuma 'yan garin nan ko sauraron maganar basa yi, ni kuma na duba naga ai gaskiya 895 tafi 894, kuma wai yawan wasanninsu ma ɗaya ne. Dan Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da ka gani haka yake. Ranar 6 ga Afrilu 2025 Alexander Ovechkin na Washington ya ci ta 895 a ragar New York Islanders, a wasansa na 1,487, kuma shi Wayne Gretzky wasa 1,487 ɗin ya buga a lig gaba ɗaya ya ci 894. Sai dai wannan daidaiton yana sa mutum ya ɗauka yanayi ɗaya suka buga a ciki, alhali ba haka ba ne ko kusa.

A kakar 1981-82 da Gretzky ya ci 92 nan garin da kake, idan ka haɗa na ɓangare biyu ana cin kusan ƙwallo 8 a kowane wasa. Gololin lokacin a tsaye suke tsaron raga, kayan kariyarsu ƙanana ne ga nauyi, a cikin hari 100 wajen 87 ko 88 suke tarewa. Daga baya salon zubewa a gwiwa a toshe ƙasan raga ya bazu, wanda Patrick Roy ya yi suna da shi, gololi suka ƙara tsawo, kaya suka ƙara faɗi, kociyoyi kuma suka koyi cushe tsakiyar fili irin yadda New Jersey ta yi ta ɗauki kofi a 1995, sai ga shi a 2003-04 an dawo ana cin 5 da 'yan kai a wasa. Ovechkin a 2005 ya fara, kuma shekarun da yake kan ganiyarsa wajen 5 da rabi ake ci, gola na tare kusan 91 cikin 100. Shi ya sa 65 da ya ci a 2007-08 ni a wurina ba ta da nisa da 92 ɗin can. Buhu goma a fadama da buhu goma a jigawa ai ba gumi ɗaya aka yi ba.

Hanya mafi sauƙi ta auna mutanen zamani biyu ita ce ka duba kowa da tsararsa, waɗanda suka fuskanci gololi iri ɗaya da shi. Ovechkin sau 9 yana fin kowa cin ƙwallo a lig, Gretzky sau 5. To idan zancen zura ƙwallo ne kaɗai, abokinka ya yi gaskiya, kuma gaskiyar tasa ta fi ƙarfin tazarar ƙwallo ɗaya da ka gani, don mutumin ya ci nasa ne a lokacin da raga ta fi wuyar shiga, har da karayar ƙafa da ya samu yana shekara 39 a kakar da ya karya tarihin, ya warke ya dawo ya ci gaba da ci.

Amma ka ce masa ya tsaya nan. Shi Gretzky cin ƙwallo ba shi ne babban aikinsa ba, mai rabawa ne. A hoki ana ba da maki ɗaya ga wanda ya ci, maki ɗaya kuma ga wanda ya bayar aka ci, kuma Gretzky ya bayar an ci sau 1,963, jimillar makinsa 2,857, mai bi masa Jaromir Jagr yana da 1,921, wato da a ce bai taɓa cin ko ɗaya da kansa ba da har yanzu shi ne a sama. Kuma hujjar nan ta zamani ba ta rushe wannan, saboda a waccan kakar ta 1981-82 makinsa 212 ne, na biyu Mike Bossy yana da 147, gololi ɗaya suka buga da su, ƙanƙara ɗaya, dokoki ɗaya, aka samu tazarar 65. Eh yana da abokan wasa na ji da gani, Jari Kurri da Mark Messier da Paul Coffey, amma shi ma Ovechkin ya shekara da shekaru Nicklas Backstrom yana ajiye masa faifai a wurin nan nasa na gefen hagu, sama da ƙwallo 300 cikin nasa ya ci su ne lokacin da aka fitar da ɗan wasan abokan hamayya hukunci. Don haka nawa hukuncin: a cin ƙwallo Ovechkin, a wasan hoki ɗungurungum Gretzky, kuma ba na ganin na biyun abin musu ne.

Tunda a Edmonton kake bari in ƙara maka wani da za ka ji daɗin sani, Jarome Iginla. A garin aka haife shi a 1977, mahaifinsa daga Najeriya ya je, ya yi kyaftin ɗin Calgary shekaru masu yawa. A 2001-02 ya ci 52 da maki 96, ya fi kowa a duka biyun, a 2003-04 kuma da ƙwallo 41 kacal ya yi kunnen doki a saman lig shi da mutum biyu. A 1981-82 fa mutum goma ne suka ci 50 ko fiye. Wanda ya ɗauko 41 ɗin Iginla ya ajiye kusa da na mutanen can ba tare da ya duba shekarar ba zai ɗauka ɗan wasa ne tsaka-tsaki, alhali a shekarar babu wanda ya fi shi, kuma 625 da ya gama da su ya tara su ne a zamanin da ƙwallo ta fi tsada.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Muna zaune a Minnesota da iyali, yarona ɗan shekara 14 yana buga baya a ƙungiyar yara, to akwai wani lissafi da suke sakawa a shafin ƙungiyar na ƙari da ragi, shi nashi ragi ne sosai yafi na kowa muni, yaron nan ya daina cin abinci kirki yana cewa shine yake ja musu faɗuwa zai daina. Amma ni ina zuwa kallo kuma naga kocin kullum shi yake turawa idan manyan 'yan wasan ɗaya ɓangaren suka shigo. Ni ban gane ba, in bai iya ba me yasa ake turashi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi ya yi masa albarka. Kin riga kin ga amsar da idonki, kuma ina roƙonki ki zaunar da shi ki faɗa masa yau ɗin nan, don abin yana min ciwo a ce yaro ya bar abin da yake so saboda lambar da manyan masu nazarin wasan ma suka daɗe da rage mata daraja.

Ga yadda ake lissafin. Duk sanda ƙungiyarku ta ci kana cikin fili a rubuta maka ƙari ɗaya, in aka ci ku kana ciki a rubuta maka ragi ɗaya, ba ruwan lissafin da ko ka taɓa faifan ko ba ka taɓa ba. Ka tuna canji ake yi wasa na tafiya, to mutum yana iya tsallakowa daga benci daƙiƙa biyu kafin a ci, ko ƙafarsa bai gama daidaitawa ba, ya kwashi ragi. Gola ya saki wata mai sauƙi daga nesa, mutum biyar su kwashi ragi. Ƙwallon da ka ci lokacin da kuka fi su yawa saboda an fitar da nasu hukunci ba a ba ka ƙari, amma in suka ci ku a wannan halin sai a ba ka ragi. Haka in ana cin ku a ƙarshen wasa koci ya cire gola ya ƙara ɗan gaba, aka jefa a ragar da ba kowa, nan ma ragi ne, kuma su wa ake turawa a irin wannan lokacin in ba waɗanda aka fi yarda da su ba.

Ki ba shi labarin Bill Mikkelson. Shi ne mai ragi mafi muni a tarihin NHL, ragi 82 a kakar 1974-75, amma ƙungiyar da ya buga wa ita ce Washington a shekararta ta farko, wasa 8 kacal suka ci cikin 80, aka zura musu 446. Ko wa ka sa a bayan wannan ƙungiyar yana buga mintuna masu yawa haka zai kwaso. A ɗaya gefen Bobby Orr na Boston yana da ƙari 124 a 1970-71, shi kam gwani ne ba tantama, amma abokin tsaron bayansa Dallas Smith ma ya haura ƙari 90 a shekarar, ƙungiyar ta ci 399, duk wanda ya tsaya kusa da Orr sai ya samu. A 2009-10 wanda ya fi kowa ƙari a lig shi ne Jeff Schultz na Washington da 50, ɗan baya ne mai natsuwa da ke shiga fili tare da Ovechkin da Mike Green, bayan shekara uku kulob ɗin ya sallame shi. Shi kansa Ovechkin a 2013-14 ya ci 51, ya fi kowa a lig, amma ragi 35 gare shi, saboda 24 daga ciki ya ci su ne a lokacin da ba a ba da ƙari. Ban ce ya yi tsaro mai kyau a shekarar ba, bai yi ba, amma lambar ta haɗa laifinsa da na golansa da na abokansa da dokar lissafin kanta ta dunƙule wuri ɗaya ta rataya masa.

A wasan yara abin ya fi haka rauni ma, wasannin kaɗan ne, gola ɗaya ya yi rashin lafiya mako biyu lissafin kowa ya rikice, kuma sau da yawa wani uba ne ko wata uwa ke rubutawa a gefen fili. Abin da ya kamata ya tambayi kocinsa shi ne minti nawa yake bugawa, da wa ake haɗa shi, kuma a kan wa ake tura shi. Koci ba ya tura yaron da bai yarda da shi ba ya tare gwanin ɗaya ɓangaren. Ki raka shi wurin kocin in yana jin nauyi, ya ji daga bakinsa.

TAMBAYA: Malam barka. Daga Kano nake, ni a YouTube nake kallon taƙaitattun wasanninsu da daddare. Abinda ke ɗaure min kai shine sai kaga mutum yaci 40 ko 50 bana ana ta zuzutashi, baɗi kuma shiru kamar an ɗauke wuta. Ƙwaya suke sha ne ko me?

AMSA: Barka dai ɗan'uwa. Kar mu ɗora wa mutane abin da ba mu da hujja a kai, mafi yawan lokaci bayanin yana nan a fili cikin lambobin in ka ƙara tonawa kaɗan.

Na farko wa yake ba shi. Jonathan Cheechoo na San Jose ya fara kakar 2005-06 a hankali, sai ƙarshen Nuwamba kulob ɗin ya ɗauko Joe Thornton daga Boston aka haɗa su layi ɗaya, Cheechoo ya gama da 56 ya fi kowa a lig, Thornton kuma ya bayar an ci sau 96 ya zama gwarzon shekara. Bayan nan Cheechoo ya ci 37, sai 23, sai 12, sai 5 a Ottawa. Raunuka sun taka rawa sosai a wannan gangarowar, kuma ba wanda zai ci 56 a NHL bai iya ba, amma wanda ya sayi 56 ɗin yana zaton tasa ce shi kaɗai bai duba da kyau ba. Irin haka ta faru da Rob Brown a Pittsburgh, 49 da maki 115 a 1988-89 yana gefen Mario Lemieux wanda ya tara 199 a shekarar, bai sake kusantar wannan ba.

Na biyu minti nawa aka ba shi, kuma wane irin minti. Ɗauki misali mutum biyu kowa ya ci 20, ɗaya a minti 1,200 ɗaya a minti 800, in ka raba da awa na farko yana cin 1 a duk minti 60, na biyu 1 da rabi, a jadawali kuwa daidai za ka gan su. Sannan mintin da kuke biyar da huɗu, wato an fitar da nasu ɗaya hukunci, ya fi mintin biyar da biyar albarka nesa ba kusa ba, kuma koci ne yake zaɓar wanda zai shiga. Leon Draisaitl na Edmonton ya ci 52 a 2022-23, 32 daga ciki a irin wannan lokacin ne. Gwaninta ce babba, amma ba adalci ba ne ka gwada shi da wanda ko sau ɗaya ba a kiransa in an samu wannan damar.

Na uku, wanda mutane ba sa son ji, sa'a. William Karlsson ya ci 6 a wasa 81 a Columbus a 2016-17, sabuwar ƙungiyar Vegas ta ɗauke shi ta sa shi layin farko da Jonathan Marchessault da Reilly Smith, ya ci 43. Ƙarin minti da abokan wasa sun bayyana wani ɓangare, amma ka duba, a cikin harinsa 100 sama da 23 ne suka shiga raga a shekarar, alhali ɗan gaba na yau da kullum wajen 10 zuwa 12 yake samu. Faifan nan yana dukan ƙafar mutum ya karkace ya shiga, yana dukan ƙarfe ya dawo, a kaka ɗaya irin waɗannan suna iya taruwa gefe ɗaya. Shekarar da ta biyo ya ci 24, kuma bai lalace ba, ɗan wasa ne mai kyau da Vegas ta ci gaba da dogaro da shi har ta ɗauki kofi a 2023. In ka ga wani ya tashi sama farat ɗaya, duba yawan harin da yake kaiwa. In harin ya ƙaru da gaske to akwai alamar zai ɗore, in kuma harin yana nan yadda yake kason shigarsa ne kawai ya ninka, ka sa ran zai sauko.

TAMBAYA: Sannu da aiki Malam. Ni ɗan Nijar ne ina aiki a Montreal. Gola fa, yawan wasannin da yaci ake dubawa ko me?

AMSA: Yawwa sannu ɗan'uwa. Yawan nasara na ƙungiya ne, gola ba ya zura ƙwallo. Kason abin da ya tare ya fi amfani, shi ma sai ka haɗa da shekara da kuma irin mutanen da ke gabansa. Grant Fuhr na Edmonton ya karɓi kyautar golan shekara a 1987-88 yana tare 88 cikin 100, a yau mai wannan kason benci zai zauna, amma a lokacin haka lig ɗin yake, kuma ƙungiyarsa kowa gaba yake tafiya a bar shi shi kaɗai da masu kawo hari. Martin Brodeur yana da nasara 691, ya fi kowa, a bayan tsaron New Jersey mai Scott Stevens da Scott Niedermayer inda hari kaɗan ke isowa gare shi. Dominik Hasek kuwa a Buffalo shekara shida a jere ya fi kowa kason tarewa, har ya kai kusan 94 cikin 100 a 1998-99, a ƙungiyar da shi ne yake ɗauke da ita. In aka ce in zaɓi ɗaya wasa ɗaya, Hasek zan ɗauka. Yanzu akwai lissafin da ke auna daga ina aka buga kowane hari, irin xG ɗin da masu kallon ƙwallon ƙafa suka sani, don hari 30 daga nesa da hari 30 daga bakin raga ba aiki ɗaya ba ne, shi za ka nema.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne, na daɗe a Toronto ina tuƙi, rediyon mota ta koya min hoki tun kafin a haifi wasunku. Yaran yanzu sun ishe mu da wasu Corsi da PDO da ban san me ba. Ni na kalli ɗan wasa na san ya iya ko bai iya ba. Duk abinda ka faɗa ma ai yana nuna lambobin nan ƙarya suke, to a barsu mana.

AMSA: Allah ya ƙara girma Baba, ya ƙara lafiya. Na yarda da ku rabi. Ido yana ganin abin da takarda ba ta rubutawa, wanda ya toshe hanya har aka fasa ba da faifan, wanda ya ja mutum biyu ya bar wa abokinsa fili. Amma ku yi min haƙuri, lambobin ba ƙarya suke yi ba, abin da aka ƙirga shi suke faɗa, mu ne muke tambayarsu abin da ba a ƙirga ba. Kuma ido ma yana da nasa, ƙungiya 32 ce kowace tana wasa sama da 80 a kaka, ba mai iya kallon ko rubu'i, kuma abin da ke zama a kai shi ne ƙwallo mai kyau da kuskure mai muni, ƙananan abubuwa ɗari da ke tsakani sai su bi iska.

Shi Corsi ba wani abu mai wuya ba ne, sunan Jim Corsi aka sa masa, tsohon kocin gololin Buffalo. Ƙirga duk bugun da aka yi niyyar raga ake yi, wanda ya shiga da wanda gola ya tare da wanda ya fita waje da wanda aka tokare, naku nawa nasu nawa kana cikin fili. Dalili shi ne ƙwallaye kaɗan ne a wasa, sa'a tana iya juya su, su kuwa hare-hare suna da yawa, sun fi nuna wa ke riƙe da wasan. PDO kuma haɗa kason shigar harinku ne da kason tarewar golanku, yawanci jimillar tana komawa kusa da 100, in ka ga ƙungiya ta yi sama sosai to ka yi hattara da ita. Colorado a 2013-14 ta tara maki 112 ana kai mata hari fiye da yadda take kaiwa, golanta Semyon Varlamov ne ya tsaya, masu wannan lissafin suka ce ba zai ɗore ba, Minnesota ta fitar da ita zagayen farko, shekara mai zuwa ta dawo 90 ba ta ma shiga gasar kofi ba. Los Angeles kuwa a 2012 da ƙyar ta shiga a matsayi na takwas a yamma, ba ta cin ƙwallo amma ita ke riƙe da faifai a yawancin wasanninta, ta je ta ɗauki kofin, wasa 16 ta ci aka ci ta 4.

Inda nake tare da ku Baba shi ne yaran da suka mayar da Corsi ɗin kamar hukuncin ƙarshe, don shi ma sai an tambaye shi irin tambayoyin da muka yi wa sauran. Ƙungiyar da ake ci tana ƙara kai hari, wadda ke gaba tana ja baya, to ɗan wasan ƙungiyar da kullum ake ci zai iya yin kyau a lissafin ba don komai ba. Ƙungiyar gida ita ke yin canji na ƙarshe in an tsaya, kocinta ya zaɓi wa zai haɗu da wa. Masu ƙirga abubuwa kamar dukan kafaɗa da ƙwace faifai mutane ne a kowane fili, wani mai sakin hannu wani mai tsauri. Sai kuma inda ake fara wasa. A Vancouver koci Alain Vigneault ya riƙa tura tagwayen nan Henrik da Daniel Sedin duk sanda za a saki faifai kusa da ragar abokan hamayya, in kuma kusa da ragarsu ne sai ya tura Manny Malhotra. Henrik ya fi kowa maki a 2010 da 112, Daniel a 2011 da 104, shi kuwa Malhotra makinsa wajen 30 ne a 2010-11, amma ɗaukar wannan wahalar da ya yi ce ta sakar wa Ryan Kesler mara har ya ci 41 a shekarar. Wanda ya karanta jadawali kawai zai ce a sallami Malhotra, wanda ya kalla irinku ya san me yake yi, wanda kuma ya duba lissafin inda ake tura shi zai ga abin da kuka gani a rubuce.

Patrice Bergeron na Boston ne ya fi nuna min cewa ba a faɗa tsakanin biyun. Bai taɓa wuce maki 79 a kaka ba, amma sau shida ana ba shi kyautar ɗan gaban da ya fi kowa tsaro kafin ya yi ritaya a 2023, masu ido suka zaɓe shi, masu kwamfuta kuma suka tarar shekara bayan shekara in yana fili Boston ce ke kai hari, duk da a kan gwanayen kowace ƙungiya ake tura shi. Ku da kuke Toronto kun sha ganinsa a kanku, ba sai na tuna muku ƙwallon da ya ci ya fitar da Toronto daga gasar kofi a 2013 ba.

Wanda ya aiko daga Kaduna yana tambayar me ya sa alƙalai ke tsayawa suna kallo mutum biyu su cire safar hannu su dambace, tambayarka tana buƙatar fili, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.